Sautun salula: mu daina sayo wa garuruwanmu shara da kuɗinmu

Duk wanda ya san kasuwanninmu na bakin iyaka shekaru goma sha biyar da suka wuce, ya san cewa mai son saro kaya sai ya ɗaura ɗamarar tafiya. Mai ƙaramin jari ya nufi Kano, ya shiga Kantin Kwari ko Sabon Gari, mai babban jari ya hau jirgi zuwa Dubai ko Gwanzu ta ƙasar Sin, wanda kuwa ba shi da halin zuwa sai ya ba da sautu ya zauna jira. A yau sautun ya koma cikin salula. Daga Ɗan Isa zuwa Ƙonni, daga Magarya zuwa Gaya, ɗan kasuwa yana zaune cikin rumfarsa zai ga hoton kaya a WhatsApp ko Facebook, ya yi ciniki da saƙon murya, ya tura kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza, bayan ƴan kwanaki yaron mota ya kira shi ya zo tasha ya ɗauki kayansa. Matasan da suka yi boko sun ƙara gaba, suna shiga Alibaba da AliExpress kai tsaye, matan aure kuma daga cikin ɗakunansu suna sayar da atamfa da takalma da kwanuka ga mutanen da ba su taɓa gani ba.

Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Ya rage kuɗin mota da na masauki, ya rage kwana a hanya da fargabar ƴan fashi, ya kuma buɗe wa masu ƙaramin ƙarfi ƙofar da a da sai manyan Alhazai ke shiga. To amma akwai wani kaya da ke biyo kowace oda, wanda ba a rubuta shi a takardar ciniki, shi ne shara. Abin da nake so mu duba a yau, ƴan'uwa ƴan kasuwa, shi ne cewa yawan wannan sharar ana yanke shi ne tun lokacin da kuka ce "a turo", kuma babu wanda ke da ikon rage ta kamar ku.

Abin da ke cikin ƙunshi

Mai karatu ya tuna ƙunshin ƙarshe da ya kwance. Agogon hannu ɗaya yana cikin ledarsa, ledar tana cikin ƙaramin kwali, kwalin an lulluɓe shi da wata leda mai ƙyalli. Dozin-dozin an jera su cikin babban kwali, an cusa soso ko leda mai kumfa a tsakani, an naɗe da salatif har ba a ganin kwalin. Wanda ya ɗauko kayan daga can kuma ya zuba cikin buhu ya sake naɗewa. Mai sayarwa yana da dalilinsa: hanya da nisa, yana tsoron a ce kaya sun fashe, leda ba ta yi masa tsada, kuma ba shi ne zai share ta ba.

A birnin da aka ƙunsa kayan akwai motocin kwasar shara da masana'antun da ke sake narkar da roba. A Jibiya ko Matamai kuwa iska ce motar shara. Ita ke kwasar leda ta rataye a ƙaya, ta watsa a gonakin bakin gari, in damina ta faɗi ruwa ya tura saura cikin kwalbati. Mahauta sun fi kowa sanin ƙarshen labarin, domin suna farka tumbin akuya ko na sa su tarar da dunƙulen leda da ya hana dabbar cin abinci har ta rame. Mu kuwa dabba ita ce babbar hajarmu, ita muke korawa Maigatari da Mai'aduwa da Illela mu samo nairar da muke saro kaya da ita. Ke nan ledar da ta zo da agogo ita ke rage kuɗin rago.

A daminar 2024 ambaliya ta yi sanadin mutuwar sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma jahar Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni. Ba leda ce ta saukar da ruwan ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin da ake yasar magudanar ruwa ya ga abin da ake fiddowa, ya san abin da ke hana ruwa wucewa. Kuma shara ba ta san iyaka ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri, ya sake komawa Najeriya ya haɗe da kogin Rima. Abin da aka zubar a can zai iske mu, abin da muka zubar kuma zai koma musu.

Sharar da ta fi leda illa

Duk da haka, a ganina, akwai abin da ya fi ledar ƙunshi yi mana ɓarna, shi ne kayan da ake sayowa su mutu cikin wata ɗaya ko biyu. Caja, abin saurare na kunne, tocila, fitilar sola, fanka mai batir, rediyo mai caji, takalmin da ke yagewa ranar da aka sa shi, rigar da wanki ɗaya ke kashewa. Irin waɗannan kaya sun daɗe suna shigowa, amma sayayyar salula ta ƙara musu gudu, kuma dalilin a fili yake. A da ɗan kasuwa yana zuwa da kansa, ya ɗaga kaya ya ji nauyinsu, ya ja ɗinki, ya jona caja a wuta ya gani. Yanzu cinikin biri a sama ake yi. Hoton kaya mai lamba ɗaya da na mai lamba uku duk ɗaya ne a fuskar salula, abin da ya bambanta su kawai shi ne farashi, ido kuwa kan mai araha yake faɗawa. Magabata sun ce zuwa da kai ya fi aike, sun kuma ce araha ba ta ado.

Duk abin da ya mutu da wuri sai an sake sayo wani, ke nan wani jirgi, wata mota, wata leda, ga kuma gawar na farko a juji. Gawar kayan lantarki kuwa ba kamar ta kwali ba ce. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin ɗari ne kawai aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata. A Afirka abin da aka tattara bai kai ko kashi 1 cikin ɗari ba. Saura yana cikin gidajenmu, a bayan rumfuna, ko a hannun yara suna wasa da shi.

Batirin salula da na fitilar sola in ya kumbura yana iya kamawa da wuta, kuma kun san yadda gobara take yi wa kasuwa. Babban batir na mota da na sola kuwa dalma ce a cikinsa, ita kuma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. A unguwar Tiyaroy da ke gefen birnin Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da 2008, yara 18 suka rasu saboda gubar dalma, a inda mutane ke fasa tsofaffin batura suna neman na abinci. A nan ma muna ganin samari suna ƙona wayoyin lantarki don su ciro jan ƙarfe, muna ganin ana hura gawayi da leda a dafa abinci a kai, hayaƙin kuma mata da yara ne ke shaƙa.

A 1988 an gano cewa wasu jiragen ruwa sun kwaso gangunan guba daga Italiya sun jibge a garin Koko na kudancin Najeriya. Afirka ta fusata, har ƙasashenta suka haɗu a Bamako a 1991 suka ƙulla yarjejeniyar hana shigo da shara mai guba cikin nahiyar. Wancan lokacin a ɓoye aka kawo mana. Abin takaici a yau shi ne, kayan da za su zama shara cikin mako shida mu ne ke yin odarsu da hannunmu, mu biya kuɗin jirgi, mu biya duwan, mu ɗauko su da murna.

Abin da ke tafe daga waje

Ya kamata ƴan kasuwa su san abin da ke faruwa a manyan kasuwannin duniya, domin zai iso gare mu. Hukumar Tarayyar Turai ta bayyana cewa a 2024 ƙananan ƙunshi biliyan 4 da miliyan 600 ne suka shiga ƙasashenta, waɗanda kowannensu kuɗinsa bai kai yuro 150 ba, wato kusan jika ɗari na sefa. Wajen miliyan 12 ke nan a kowace rana, kuma tara cikin goma daga Sin suke. Amurka ta soke rangwamen harajin da take yi wa irin waɗannan ƙananan ƙunshi a 2025. A Faransa ƴan majalisa sun amince tun 2024 da daftarin dokar da ke neman taka wa tufafin sa-ka-yar burki.

To in Turai da Amurka suka matse ƙofa, masana'antun da ke ƙera kayan ba za su kashe injinansu ba, za su nemi inda ƙofa take a buɗe. A ƙarshen 2024 Temu ta fara ciniki a Najeriya, kuma kowa ya san abin da ya sauka Kano yau, mako mai zuwa yana Maraɗi da Damagaram. Mai son ganin abin da ke faruwa in kaya marasa inganci suka yi wa kasuwa yawa, ya tambayi ƴan'uwanmu mazauna Ankara ta ƙasar Gana labarin Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo. Masu binciken wurin sun ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ke shiga kasuwar a kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari suna fita ne a matsayin shara. Ɗan kasuwa ya biya kuɗin dila cikakkiya, kusan rabi ya tafi juji da bakin teku. Asara biyu ke nan, ta aljihu da ta ƙasa.

Doka tana nan, leda ma tana nan

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne tana da nata. Tun ranar 5 ga watan Nuwamba na 2014 Nijar take da dokar da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da siririyar leda. Fiye da shekara goma bayan haka, mai karatu ya leƙa bakin kasuwar garinsu ya ba kansa amsa. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma a can an ga canji domin hukuma ta tsaya a kan maganarta. Mu kuwa iyakarmu da Najeriya ta kai wajen kilomita 1500, da hanyoyin daji ba iyaka, dokar ɓangare ɗaya ba za ta wadatar ba. A matakin duniya ma an zauna a Janeba cikin watan Agusta na 2025 don a cimma yarjejeniya kan sharar roba, aka tashi ba a daidaita ba.

Saboda haka wanda ya ce zai jira doka, zai daɗe yana jira. Amma duk abin da zai shigo garinmu sai ya bi ta hannun ɗan kasuwa. Shi ne ya zaɓi irin kayan, shi ya amince da ƙunshin, shi ya ce a ɗoro a jirgin sama ko na ruwa. Mai sayen caja ɗaya a ƙauye ba ya magana da Gwanzu. Ku ne ke magana da ita.

Abin da ɗan kasuwa zai iya yi

Na farko, kada a yi babbar oda a kan hoto. A nemi samfuri guda biyu ko uku, a yi aiki da su na ƴan makonni, a kai wa mai gyara ya buɗe ya duba cikinsu. A tambayi mai sayarwa ko batirin fitilar ana iya cire shi a sa wani, ko kuwa an manne shi ne yadda in ya mutu fitilar duka ta mutu. A tambaya ko akwai kayan gyara, a sa su cikin odar. Fitilar da ake canza wa batir tana ba mai gyara aiki, tana kuma dawo maka da mai saye neman batir. Haka ma caja: tun ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta wajabta baki iri ɗaya, wanda ake kira USB-C, ga sababbin wayoyin salula, kuma kamfanoni sun karkata can. Wanda ya cika rumfarsa da caja mai tsohon baki don an yi masa araha, ya sani ragowar kasuwar wasu ce aka juye masa.

Na biyu, a yi magana a kan ƙunshi kamar yadda ake yi a kan farashi. Mai sarin da ke sayen dozin hamsin yana da bakin cewa a zuba takalma ko riguna dozin-dozin cikin leda ɗaya maimakon kowanne da tasa, a sa takarda ko yankakken kwali a madadin soso, a bar ƙananan kwalayen ado ga kayan da ba sa fashewa. Masana'antun sun saba da irin wannan buƙata, domin ƴan kasuwar wasu ƙasashe suna yin ta. Akwai kuma riba a ciki: kuɗin jirgin ruwa da girman kaya ake lissafa shi, na jirgin sama da nauyi da girma, ke nan duk wanda ya bari aka cika masa kwali da soso, iska ya biya wa kuɗin mota.

Na uku, a rage gaggawa, a haɗa oda. Kilo ɗaya na kaya in ya zo ta jirgin sama, hayaƙin da aka fitar dominsa ya ninka na jirgin ruwa sau gommai, kuma wannan hayaƙi yana cikin abin da ke ƙara ɗumamar yanayi, wadda mu mutanen Sahel muke cikin masu ɗanɗana kuɗarta. Gaskiya ne tun 2023, da hanyar Kwatano ta toshe kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, jinkiri ya ƙaru, jirgin sama ya ƙara jan hankali. Amma kayan salla da na komawa makaranta da na sanyi duk an san lokacinsu. Wanda ya yi oda wata huɗu kafin lokaci ba ya bukatar jirgin sama. Mutum goma kuma da ke layi ɗaya a kasuwa, kowa yana karɓar ɗan ƙunshinsa dabam duk mako, in suka haɗa kai suka yi oda ɗaya a wata, an rage leda, an rage zirga-zirga, an kuma sami ragi a farashi. Mutanen da suka iya adashi ba za su kasa wannan ba.

Na huɗu, wanda ya sayar da batir ya karɓi mataccensa. A ajiye ganga ko akwatin ƙarfe a inuwa, nesa da wuta, duk wanda ya zo sayen sabon batir ko sabuwar fitila ya kawo tsohon, a rage masa ko dala biyar ce. Masu gyaran salula suna sayen abin da ke da sauran amfani, ƴan gwangwan suna sayen ƙarfe. Babban batir mai dalma kuwa kada a ba wanda zai fasa shi cikin unguwa. Ko da abin da aka tara ya ɗauki lokaci kafin a sami mai kwashewa, tarinsa wuri ɗaya ƙarƙashin idon babba ya fi watsuwarsa cikin gari a hannun yara.

Na biyar, kwali da buhu dukiya ne. Duk wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda tsohuwar ganga ke zama akwati, gwangwani ya zama tukunya. Mun iya wannan tun kafin a ba shi suna a Turai. Kwalin da aka buɗe da hankali zai sake tafiya sau uku ko huɗu. Matan da ke aika kaya ta tasha su nemi irin waɗannan kwalaye maimakon su naɗe atamfa ɗaya da leda biyar.

Na shida, salula ba ta shigo da kaya kawai aka yi ta ba, tana iya fitarwa. Kilishi, yaji, turaren wuta, takalmin fata, tabarma da faifai da jakar kaba irin ta Gulbin Kaba, duk suna da masu so a Kano da Abuja da Yamai, har da ƴan'uwanmu mazauna ƙasashen waje. Kayan da aka yi a nan ba su ratso teku ba, kuɗinsu a nan yake zama, kuma jakar kaba in ta tsufa ƙasa take komawa.

Maganar talaka

Na san abin da za a ce: mai saye talaka ne, mai araha yake nema, in ban kawo ba maƙwabcina zai kawo ya kwashe mini ciniki. Wannan magana ce mai nauyi, ba a yi mata dariya. Amma mu yi lissafi. A misali, caja ta dala ɗari da ke mutuwa duk bayan wata biyu, a shekara ta ci wa mai ita jika uku, wani lokaci ma ta tafi da batirin wayar. Caja ta jika biyu da ke shekara tana aiki ta fi ta araha. Talaka ne ke biyan tsadar kaya marasa inganci, sai dai a hankali yake biya shi ya sa ba ya gani. Aikin mai rumfa ne ya nuna masa. A ajiye iri biyu a kan tebur, a faɗa masa gaskiya: wannan ba ta daɗewa, wannan kuma in ta mutu kafin wata shida ka dawo da ita. Daga nan zaɓi nasa ne.

Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa a fili ba, cewa wanda ya sayar da caja shida ya fi wanda ya sayar da ɗaya riba. Wataƙila a tashar babban birni, inda mai saye ke wucewa ba ya dawowa. A garuruwanmu kuwa kowa ya san kowa. Salular da ta kawo maka mai saye ita za ta kai hoton kayanka da suka lalace zaurukan WhatsApp na gari kafin magariba. A cinikin da ake tura kuɗi kafin a ga kaya, jarin mutum shi ne a yarda da shi, kuma wanda aka sani da cewa kayansa ba sa mutuwa, ba ya bukatar talla.

Masu saye ma suna da nasu, domin in ɓera da sata daddawa ma da wari. Salula tana nuna kaya dare da rana, tana cewa an yi ragi yau kawai, mutum ya sayi abin da bai tashi da niyyarsa ba. Uwargida da amarya, kafin ku tura kuɗi ku bari abin ya kwana. In gari ya waye kuna nan kuna bukatarsa, ku saya. In kuma za ku kasuwa, ku riƙi jaka ko kwando kamar yadda iyayenmu suke yi.

Ga ƙungiyoyi da hukumomi

Tsoron maƙwabci da zai karya farashi ba ya da magani sai haɗin kai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane layi a kasuwa yana da shugaba, ƴan salula da nasu, ƴan tufafi da nasu. In ana iya zama a daidaita kuɗin mai gadi da na biki, ana iya zama a ce akwai kayan da layinmu ba zai ƙara kawowa ba, a kuma ware wuri ɗaya na tara kwali da leda da batura. Ƙungiyoyin ɓangarorin iyaka biyu, na Ɗan Isa da Jibiya, na Ƙonni da Illela, suna haɗuwa in an kama motar wani ko an rufe hanya. Su sa wannan ma cikin abin da suke tattaunawa.

Ma'aikatun magajin gari suna karɓar kuɗin kasuwa duk ranar da ta ci. Ba laifi ba ne ƴan kasuwa su tambaya nawa daga ciki ke tafiya ga kwasar shara, su kuma nemi a kwashe washegarin kasuwa tun iska ba ta riga kowa ba, a yashe magudanan ruwa tun watan Mayu. Ma'aikatar ciniki da duwan kuma su dubi ingancin batura da fitilun sola da ke shigowa, domin ƙasar da ke dogara da hasken rana a ƙauyukanta bai kamata ta zama wurin juye matattun batura ba.

Mutanen wannan yanki sun taɓa gyara ƙasarsu ba tare da sun jira kowa ba. Bayan farin shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suka daina tumɓuke tohon itace a gonakinsu, suna zaɓar masu ƙarfi suna reno. A yau miliyoyin hekta sun sake yin itatuwa, har daga wasu ƙasashe ake zuwa koyo. Manomi ya yi haka ne don ya ga riba: itacen girki, abincin dabba, da gero da ya ƙaru. Ɗan kasuwa ma zai ga tasa. Saboda haka, Alhaji da Hajiya, odar da za ku yi ta gaba, kafin ku tura kuɗi ku tambayi mai kayan wata nawa abin nan yake yi, da me za a ƙunsa shi, kuma in ya lalace ana gyara shi. Wanda ya kasa ba ku amsa, ku nemi wani, masu sayarwa suna da yawa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.